Sunan da Ba Na Faɗa

Ni dai ban nemi koyar da kwamfuta ba, ɗora mini aka yi. Wata safiya a farkon zango hedimasta ya aiko a kira ni ofis, ya turo mini wani littafi mai kauri a kan tebur, ya ce sabuwar manhaja ce, kuma a cikinta an ce dole 'yan firamare su yi darasin kwamfuta. Ya ce tunda takardata ta fi ta kowa sabunta a makarantar, kuma ina da wayar shafa, ni zan ɗauka.

Na ce, "Ranka shi daɗe, kwamfutar tana ina?"

Ya ɗora yatsa a kan littafin ya ce, "Tana ciki, Malama, har da hotonta."

Na so in mayar masa da magana, don bakina ba ya shiru, amma na haɗiye. Makarantarmu tana wani ƙauye ne a ƙasar Bakura, gefen hanyar Damri, inda aure ya kawo ni daga Maradun. Wutar lantarki ba ta taɓa sanin hanyar garin ba. Waya ma sai an kai ta wurin mai sola a bakin kasuwa take samun caji.

Ba a daɗe ba aka tara mu bita a Talata Mafara, malaman kwamfuta na ƙauyuka, yawancinmu irina, waɗanda aka ɗora wa. Abin da aka fi nanata mana shi ne daidaita darasi da ma'aunin manhaja. Wato kada malami ya shiga aji ya yi ta surutu, ya fito yana kaɗe alli ya ce ya koyar. Kowane darasi sai an rataye shi a jikin wani abu da manhaja ta ce yaro zai iya yi da hannunsa. Na 'yan aji huɗu a sarari yake: yaro ya nuna sassan kwamfuta, ya san mazaunin haruffa a kan madannai, ya rubuta sunansa. Wadda ta jagoranci bitar wata jami'ar ilimi ce, dattijuwa mai tabarau, kowa Hajiya yake ce mata. Ta ƙara mana da cewa malami ya riƙa kiran kowane yaro da sunansa, don yaron da kullum ake ce wa "kai" ko "ke" ji yake kamar ba a san da zamansa ba. Na gyaɗa kai tare da kowa. Wallahi ko a mafarki ban kawo maganar ta shafe ni ba.

Da na dawo na tashi da zafina. Na bi masu shaguna na tattaro kwalayen taliya da na sabulu, na yanka su, na zana madannai a kai, kowane harafi a gidansa kamar yadda yake a jikin ta gaske. Kowane yaro ya samu nasa. Abin nan mai igiya da ake juyawa da hannu, wanda Hajiya ta ce linzami sunansa, muka gina shi da yumɓu muka saƙala masa zare. Yara na ganinsa suka ce kusu ne, wato ɓera, ga jela nan. Na yi faɗan har na gaji, kusu ya zauna. Kullum sai mu jera kwalaye a kan benci, in ce a ɗora yatsu, in kira harafi su danna. Mai wucewa ta taga zai ɗauka mun haukace ne gaba ɗaya.

To a cikin 'yan aji huɗun nan akwai ɗiyata ta fari.

Ba zan rubuta sunanta a nan ba, kamar yadda ban taɓa faɗinsa da bakina ba. A gidanmu na Maradun haka na taso na gani, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu babba ba har ta koma ga Allah. Ɗan fari akwai kunya tsakaninka da shi. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka shigar masa faɗa. Ita kuma tawa kunyar biyu ce, don sunan uwar mijina aka mayar mata. In na faɗe shi, na kira ɗiyar fari kuma na kira surukata gatsal. Tun da aka yaye ta take ɗakin kakar, ita take ce wa Inna, ni kuwa Malama take ce mini, a gida da makaranta. In ina son ta miƙo mini wani abu sai in ce, "Ke." In zan yi zancenta in ce yarinyar nan, ko ta ɗakin Inna. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka, har yabona ake yi. A makaranta ma ban taɓa shiga matsi ba, don ba ni ce mai ajinsu ba, ba ni ke kiran rajista ba. Ranar da mai ajin bai zo ba sai in miƙa wa monita ya kira.

Sai ga shi duk ajin babu wanda kwalin nan ya shiga ransa kamar ita. Sauran yara da yatsa ɗaya suke tsikarar harafi kamar kaza na tsintar tsaba. Ita ta ɗora yatsunta duka inda na nuna, ta daina duba kwalin ma. A gida ina ganinta ta wutsiyar ido, a bakin rijiya, a gefen murhu, yatsunta suna tafiya a kan faifai ko a kan gwiwarta. Inna tana ta fankama a tsakar gida, wai takwararta ta iya injin Turawa tun ba ta gan shi ba. Ni ko tari ban yi ba. Amma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin har cikin ƙashina.

Wajen ƙarshen zango hedimasta ya tara mu ya ce Hajiya za ta zo da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gaske, ta gwada yara a kan ma'aunin nan, ta ga ko abin da muke koyarwa ya hau kan manhaja. Kuma za ta zaɓi yara uku da suka fi iyawa, a kai su Talata Mafara lokacin hutu, wani wuri mai ɗaki cike da kwamfutoci, su koya da hannunsu. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta da wani zance. Na ji ta tana tambayar Inna ko Mafara ta fi Bakura girma, ko gaskiya ne in ka danna harafi fitowa yake yi nan take. Kakanta, Baba, wato uban mijina, ya ce in an zaɓe ta da kansa zai kai ta, ta sauka gidan gwaggonta. Ana gobe za a zo ta wanke hijabin makarantarta ba wanda ya sa ta. Ni a raina na riga na gama lissafi, in dai iyawa ce, gurbi ɗaya nata ne.

Hajiya ta iso da hantsi. Aka yi gaisuwa mai tsawo a gindin darbejiya, ina gajiya, ina hanya, ina iyali, ina ruwa, kafin a shigo aji. Hedimasta ya gayyato dattawan kwamitin makaranta su shaida, aka shimfiɗa musu tabarma a bayan aji. Baba na cikinsu, ya zauna da carbinsa. Na durƙusa daga nesa na gaishe su, na ja mayafina. Da aka buɗe kwamfutar ta kawo haske, wani yaro a gaba ya ce a hankali, "Ina kusun?" Hajiya ta yi dariya ta ce wannan ba ta da shi.

Sai ta faɗi yadda za a yi. Malama za ta kira yaro da sunansa, ya zo ya rubuta sunan, sannan malama ta karanta abin da ya fito da ƙarfi kowa ya ji, in da gyara a gyara. Na waiga neman hedimasta, don shi kaɗai zai iya raɗa mata magana a kunne a wuce wurin, sai na hango bayansa ya nufi cikin gari, wai zai duba ko an gama abincin baƙi. Na ce a raina, yau ake yinta.

Muka fara. Na farko da ya zo ya danna harafi da ƙarfin da ya saba danna kwali, ya kuma ƙi ɗagawa, sai harafin ya yi ta gudu har ya cika layi. Ya zabura ya ja da baya, ya ce ba shi ya yi ba. Kusan duk haka suka yi ta yi, don kwali bai taɓa gaya musu cewa abin taɓawa kawai yake so ba. Wannan ma ya ishe ni kunya, amma Hajiya ta ce ba komai, gani ya kori ji. Wasu suka rubuta sunan da ƙyar, wasu suka tsaya a rabi. Ina kira, ina karantawa, ina bin benci benci. Da na zo bencin su yarinyar nan na tsallake ta na kira ta kusa da ita. Ta dube ni ta sunkuyar da kai. Ina ta jan lokaci ne ko Allah zai kawo hedimasta, ko cajin ya ƙare, ko a kira sallah, ko ma mene ne.

Ba abin da ya faru. Daga ƙarshe kowa ya yi sai ita kaɗai, tana zaune da hannuwanta a kan kwalinta.

Na nuna ta da haɓa na ce, "Ke, taso."

Hajiya ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau. "Malama, da suna, kamar sauran."

Na dubi ƙofa.

"Malama, kira ta mana."

A bayan aji ƙarar carbi ta tsaya. Yara sun san zancen, suka fara ƙunshe dariya suna zungurin juna. Hajiya ta dubi yarinyar, ta dube ni, sai ta fassara abin yadda ya zo mata. Ta cire tabarau ta ce, "Subhanallahi. Ba ki san sunanta ba?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi. A natse ta juya wajen dattawa ta ce irin abin da ake ta faɗa a bita ke nan, zango guda yarinya na zaune gaban malama, malama ba ta san sunanta ba, to yaya za ta san abin da ta iya da wanda ba ta iya ba. Raina ya ɓaci har ina jin kunnuwana suna zafi. Ni ce ban san sunan ba? Ni da na yi naƙudarta, ina ɗaka ina jin sanƙira yana shelar sunan a ƙofar gida? Kalma ɗaya ce za ta raba gardama, in ce ɗiyata ce. To a gaban Baba? Wannan kalmar ma ba ta fita a bakina. Shi kuma ba zai buɗe baki ya shiga maganar matar ɗansa a bainar jama'a ba, sauran dattawan suna jiran ya fara. Kowa ya yi wa kowa kara, ni kuma ina tsaye ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta yafito ta da hannu. "Zo, yarinya. Rubuta sunanki, malamarki ta karanta, yau ta san shi."

Ta taso ta zauna. Ta ɗora yatsunta duka a kan madannai, kowane a gidansa, a hankali, don ta ga yadda sauran suka yi ta ɗauki darasi. Duk ajin ita kaɗai ta zauna haka. Na ga Hajiya ta ɗan gyara zama. Ni kuwa na riga na sallama, na san yanzu sunan zai fito ɓaro-ɓaro, kuma ni za a ce in karanta. Yarinyar ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ta waiga bayan aji. Sannan ta taɓa harafi, ta taɓa wani, ta janye hannunta ta miƙe.

Hajiya ta ce, "Har kin gama?"

Ta ce, "Na gama."

"To Malama, karanta mana."

Na sunkuya na duba. Haruffa biyu ne. Na karanta abin da na gani, na ce, "Ke."

Ta ce, "Na'am, Malama."

Ajin ya kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ta ko wannan ne sunanta, yarinyar ta kalli ƙasa. Ta sake ba ta dama, ta ce ta zauna ta gwada, yarinyar ta girgiza kai. Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce zaman hannun ya yi kyau, amma ma'auni cewa ya yi yaro ya rubuta sunansa, kuma ba a rubuta ba. Ta rufe kwamfuta. A gaban kowa ta kira yara ukun da ta zaɓa, mata biyu da namiji ɗaya, aka tafa musu. Uban yaron yana cikin dattawan, ya yi ta hamdala.

Sai bayan an watse hedimasta ya dawo da masu ɗauke da kwanuka. Ban san wanda ya ba shi labari ba, na dai gan shi ya ja Hajiya gefe yana magana ƙasa-ƙasa, na ga ta dafe ƙirji. Ta aiko a kira ni. Muka tsaya a jikin tagar ajin, ta kama hannuna ta ce, "Malama, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ni ma uwata haka ta yi da yayata, kawai ban kawo ba ne. Ai da kin yi mini ko da ido."

Na ce ba komai, rashin sani ne.

Ta ce gurbi uku aka ba ta, ba ta da ikon ƙara na huɗu. Amma ta ga zaman yatsun nan, ta san ba na wasa ba ne. Yaron da ta kira na ƙarshe da ƙyar ya haɗa sunansa. In yarinyar ta fi shi, za ta canja, ita za ta ɗauki nauyin yi wa ubansa bayani. Ta ce, "Ke kika koyar da su, ke za ki faɗa. Ta fi shi?"

Ta fi shi nesa ba kusa ba. Ko makaho ya shafa ya san haka. Amma ku duba mini, jama'a: in tsaya da bakina in yabi ɗiyar fari, in sa a cire ɗan wani da aka riga aka tafa wa a gaban ubansa, a sa tawa. Gobe da wane ido zan shiga gidan suna a garin nan? Za a ce malama ta yi wa ɗiyarta hanya. Na ji bakina yana cewa, "Duk ɗaya suke, Hajiya. A bar shi yadda yake."

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "To, Allah shi kyauta." A cikin aji ina jin motsin mai tattara kwalaye, ban leƙa na ga ko wane ne ba.

Da la'asar Inna ta shigo ɗakina da fara'arta. Ta ce Baba ya dawo yana ta sa mini albarka, ya ce yau ya tabbata ɗiyar mutunci aka kawo gidan nan, an matsa mata a gaban jama'a amma ba ta zubar da kunya ba. Ta ce takwararta kuwa ai yarinya ce, wata shekarar ta je. Na ce na gode. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba. Shekarar da ta biyo ba wanda ya zo da wata kwamfuta.

Na yi fushi da Hajiya na kwana biyu, na yi fushi da hedimasta da abincinsa, na yi fushi da wanda ya zauna a ofis ya rubuta cewa suna za a rubuta, kamar babu wata kalma a duniya. Da fushin ya ƙare sai kunya ta rage, kuma ba irin wadda Baba ya yaba ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: me ya sa ta rubuta haka? Na ɗauka gori ta yi mini a gaban mutane, ta nuna wa duniya abin da uwarta ke kiranta. In haka ne ma ba ta yi ƙarya ba.

Ba a tambayar ɗiyar fari irin wannan kai tsaye. Ranar da aka tafi da yaran uku Mafara, tana tsakar gida tana wanke kwanuka, ni ina tankaɗe a bakin ɗaki. Na dubi bango na ce, kamar da shi nake, "Wasu dai sun iya abu sarai, amma aka ce su rubuta suka ƙi."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa kwano ta ce, "Baba na zaune, Malama. Da na rubuta, ke za a sa ki karanta."

Rariyar ta tsaya a hannuna. Ashe kara ta yi mini. Yarinyar da ko tsayin kafaɗata ba ta kai ba ta auna Mafara da kunyata, ta ajiye Mafara. Ni kuma da aka ba ni irin wannan awon a jikin taga, na san abin da na ajiye.

Ta ɗauraye kwanukan ta kife su, ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa za ta rijiya. Tsakar gidan ba kowa, Inna ta shiga maƙwabta. Na buɗe baki in kira ta, sunan yana nan a kan harshena, na ji nauyinsa. Abin da ya fito shi ne wanda ya saba fitowa. Ta tsaya a bakin zaure ta ce na'am, na ce ta kula da igiyar gugan, ta fara tsinkewa.